Raba sauti tsakanin sub da lasifikokin mota: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan motocin da ake kawo mana a nan Yamai da kukan sauti, kayansu ƙalau suke. Rediyo mai kyau, amfuli (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai ƙarfi, akwatin bas, wato sub, a but, amma mai mota ya ce kiɗan gurnani kawai yake yi, ko kuma ƙofa ta dame shi da karkarwa. In muka leƙa jikin amfulin, sai mu tarar da maɓallan filtir yadda suka fito daga kwali, ko an murɗe kowanne har ƙarshe wai don a ji ƙarfi. Ga tambayoyin da masu motoci da ƴan koyo suka fi yi mana a kan wannan, da abin da muke gaya musu.

Mene ne aikin filtir ɗin ma tukuna?

Sauti kaɗawar iska ce, ana ƙirga ta da Hz, wato sau nawa iska ta kaɗa a sakan ɗaya. Ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan, babbar lamba siririn sauti. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma babu lasifika guda da ke fitar da wannan duka da kyau. Sub mai faɗin santimita 30 ya iya tura iska mai yawa, amma bai iya murya ba. Lasifikar ƙofa ta iya murya da gita, bas mai zurfi kuwa ya fi ƙarfinta.

Filtir ne ke raba musu aiki. Wanda aka rubuta LPF a kansa yana barin sauti mai kauri ya wuce, ya danne siririn. Wannan na sub ne. HPF yana yin akasin haka, kuma na lasifikokin ƙofa ne. In maɓallin yana kan FULL ko OFF, babu tacewa, komai yana shiga.

A wace lamba zan fara?

A 80 Hz, duka biyun: LPF na sub a 80, HPF na ƙofofi a 80.

Ba da ka aka zaɓi lambar ba. Ƙasa da wajen 80 Hz, da wuya kunne ya gane daga ina sauti yake fitowa, don haka sub yana but amma direba yana jin bas ɗin a gabansa, haɗe da sauran kiɗan. Na biyu, lasifikar ƙofa mai santimita 16.5, wadda ta fi yawa a motocin da ke yawo a titunanmu, tana sauka har wajen 80 ba tare da ta wahala ba. Masu haɗa sautin silima na gida ma wannan lambar suka fi amfani da ita.

Sai dai mafari ne kawai. Abin da nake so kowane ɗan koyo ya riƙe: lasifikar ƙofa ce ke yanke inda za a raba, ba sub ba. Ka fara gano inda ƙofa take gazawa, ka tsayar da ita kafin nan, sannan ka kawo sub ya karɓa daga wurin.

Lasifikokina ƙanana ne. Ita ma 80 ɗin?

A'a. Mai santimita 13, ka sa HPF tsakanin 90 da 100. Ƴan ƙanana masu santimita 10, irin waɗanda ake sa wa tsofaffin Starlet a allon gaba, ba su da abin yi ƙasa da 120, sau da yawa ma sai an kai 150. Dogayen nan masu siffar ƙwai da ake ɗorawa a bayan kujera, masu inci 6 da 9, suna iya sauka zuwa 60 ko 70 in an kafa su da kyau.

In ka ɗaga HPF, dole ka ɗan ɗaga LPF ya bi shi, in ba haka ba za a bar rami a tsakani. Matsalar ita ce da zarar sub ya wuce 100 Hz, kunne yana fara kama shi a baya. Mai lasifikar santimita 10 kaɗai a gaba ba zai tsere wa wannan ba. Gara ya tara kuɗi ya sa manya a ƙofa da ya sayi sub na biyu.

Ni in na bar ƙofofi a FULL, sautin ya fi cika. Me zai sa in rage?

Wannan ce gardamar da aka fi yi da mu, kuma mai ita yana da ɗan gaskiya: a ƙaramar murya, mota a tsaye, FULL ya fi cika kunne. Ƙara murya tukuna.

Duk lokacin da sauti ya sauka rabi, misali daga 80 zuwa 40 Hz, takardar lasifika sai ta ninka tafiyarta sau huɗu kafin ta ba da ƙarfi iri ɗaya. Lasifikar ƙofa ƴan milimita kaɗan take da su na motsi. Cire rufin ƙofa, ka sa kiɗa mai bas, ka zuba wa takardar ido: za ka ga tana fita tana komawa har gefenta yana miƙewa, alhali abin da ke isa kunnenka a wannan zurfin ba komai ba ne. Kuma a kan wannan takardar mai tsalle ne murya take hawa, shi ya sa muryar mawaƙi take rawa duk sanda ganga ta buga. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, ga raƙumin kuma a baya yana jira.

Yanzu kunna HPF a 80, ka sake dubawa. Takardar ta natsu, murya ta fito tas, kuma za ka iya ƙara ƙarfi fiye da dā kafin ta fara tsagewa. Amfulin ma ya huta, domin bas ne ke cin mafi yawan wutarsa. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haye digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka bari a rana kuma ya haye 60, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bobin, wato naɗin wayar da ke cikin lasifika, in ya riga ya ɗauki zafi tun kafin a kunna rediyo ba ya jure wa aikin banza.

Muryar mai wa'azi da ta masu labarai tana fitowa daga but. Lafiya?

LPF ya yi sama. Tushen muryar namiji yana farawa daga wajen 85 Hz ya hau zuwa 150 da wani abu. In LPF yana kan 150 ko 200, sub yana ɗaukar ƙasan muryar, sai ka ji malam yana magana daga bayan mota da wata irin murya mai kumburi. Sauke shi zuwa 80. In har yanzu ana jin sa, to ƙarfin sub ɗin ne ya yi yawa, ko gangarar filtir ɗin ba ta da tsini.

A gaskiya muryar mutum ta fi kowane kiɗa saurin tona asirin saitin da bai yi ba. Ni da ita nake fara gwaji.

Mece ce wannan gangarar, da 12 dB da 24 dB da nake gani a rediyo?

Filtir ba ya yanke sauti ɓat ɗaya a kan lambar da ka sa. Daga nan yake fara rage shi sannu a hankali, kuma lambobin 6, 12, 18 da 24 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) suna nuna yawan abin da yake ragewa duk sanda sauti ya ninka ko ya sauka rabi. HPF a 80 mai 12 dB, in an zo 40 Hz, ƙarfin da ke isa lasifika ya koma kamar kashi ɗaya cikin 16. Mai 24 dB kuwa, kamar ɗaya cikin 250. Haka yake ta ɓangaren sub: LPF a 80 mai 12 dB yana barin abin da kunne zai ji a 160 Hz, musamman in an cika wa sub wuta.

Ga mota, 24 dB ya fi sauƙin sha'ani. Yana kare ƙofofi sosai, yana ɓoye sub, kuma yankin da su biyun suke waƙa tare ya zama ɗan ƙanƙane. Amfuli masu arha galibi 12 dB kaɗai gare su, babu zaɓi. Yana aiki, sai dai ka ƙara kula da abin da ke cikin tambaya ta gaba.

A wasu rediyoyi da na'urorin sarrafa sauti da ake kira DSP za ka ga BW da LR, nau'ikan filtir biyu. Na farko sunan Stephen Butterworth ne, injiniyan Ingila da ya bayyana tsarin a 1930. Na biyu na Siegfried Linkwitz da Russ Riley ne, injiniyoyin Hewlett-Packard, an buga shi a 1976. Bambancin da ya shafe ka: a daidai lambar rabawa, BW yana rage 3 dB, LR yana rage 6 dB. Saboda haka in sub da ƙofa suka haɗu a wurin, LR yana ba da sauti shimfiɗaɗɗe, BW kuma yana ɗan yin tudu. In kana da zaɓi, ɗauki LR 24 a ɓangarorin biyu.

Mutanen waje suna jin bas ɗina, ni da ke kan sitiyari ba na jin bugunsa. Ina yake zuwa?

Sau da yawa sub da ƙofofi ne suke kashe juna. A kusa da 80 Hz dukansu suna fitar da sauti ɗaya. In ɗaya yana tura iska a lokacin da ɗayan yake janye ta, abin da ya isa kunnenka ragowa ce. Tsawon igiyar sauti a 80 Hz ya kai wajen mita 4.3, rabinsa mita 2 da ɗan kai, kuma bambancin nisan sub da na ƙofa zuwa kan direba yana cin wani kaso mai kyau na wannan. Filtir ɗin kansa yana ƙara nasa jinkirin: biyu masu 12 dB suna barin sub da ƙofa a juye da juna, digiri 180. Maɓallin PHASE na amfulin sub ne ke juya wannan, amma babu wanda zai gaya maka daga nesa ko 0 ne daidai ko 180. Sai an gwada a cikin motar.

Ga yadda muke yi. A sauke sautin gwaji na 80 Hz a waya ko a kilen USB. Mai mota ya zauna a kujerarsa, a rufe ƙofofi da gilasai da but. Yaro ya shiga ta kujerar baya ya kai hannu ga maɓallin PHASE, ya riƙa juya shi tsakanin 0 da 180. Duk wanda ya fi ƙarfi a kunnen direba, shi za a bari. Bambancin yakan fito fili, wani direban taksi da muka yi wa haka, yaro na juyawa ya ce, "Malam, me ka ƙara?" Na ce, "Alhaji, babu abin da aka ƙara, faɗan da suke yi ne aka raba." In amfulin ba shi da maɓallin, kashe shi, ka musanya wayoyin + da − na sub. Abu ɗaya ne.

Kafin wannan duka, ka tabbatar ƙofofin biyu ba su juye da juna ba, domin a motocin da hannuwa da yawa suka taɓa ana yawan samun haka. Kashe sub, ka karkatar da sauti zuwa ƙofa ɗaya. In bas ya fi ƙarfi a gefe ɗaya fiye da a tsakiya, wata ƙofa a juye take. Ƙaramin batir na volt 1.5 zai nuna maka: ka taɓa + ɗinsa a + na lasifika, takarda ta leƙo waje. Kada a yi wa ƴan ƙananan lasifikokin siririn sauti na sama wannan gwajin.

Mai rediyon da ke da saitin jinkiri yana da ƙarin hanya. Sauti yana tafiyar santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tunda sub ne mafi nisa, lasifikokin gaba ake jinkirtawa su jira shi.

Rediyona yana da filtir, amfulina ma yana da shi. In kunna duka?

Ɗaya kaɗai. In ka kunna biyu a kan layi guda, ragewarsu tana haɗuwa, sai ka sami rami a wurin rabawa da jinkirin da ba ka lissafa ba. Na rediyo ya fi dacewa da lambar da ya nuna, kuma kana saita shi daga inda kake saurare. In ka zaɓe shi, sa amfulin ƙofofi a FULL, ka buɗe LPF na amfulin sub har ƙarshensa.

Haɗari ɗaya: rediyoyi da yawa suna manta saitinsu in an cire kan batir. Bayan an canza batir ko an yi aikin wuta, ka duba kafin ka ƙara murya.

Maɓallin amfulina 50 da 250 kawai aka rubuta masa. Ina 80 take?

Kada ka raba tsakiya ka ce lissafi ya fito. Rubutun jikin waɗannan maɓallan kintace ne. Mitar auna wuta za ta gaya maka gaskiya. Cire wayoyin sub daga amfuli, ka sa mita a AC a madadinsu. Buɗe LPF har ƙarshe, kunna sautin 80 Hz, ka daidaita murya har mita ta nuna volt 10. Sai ka riƙa sauke LPF a hankali. In filtir ɗin BW ne, ka tsaya a volt 7. In LR ne mai 24 dB, a volt 5. Haka ake yi wa HPF, sai dai daga ƙasa ake hawa.

Wasu amfuli suna da wani ɗan maɓalli da aka rubuta ×10. In an danna shi, 80 ta zama 800. Mun sha ganin motar da aka ce ƙofofinta sun mutu, ashe shi ne.

SUBSONIC fa?

Shi ma HPF ne, amma na sub. In akwatinka rufaffe ne, iskar ciki tana riƙe takarda, ba lallai ka damu da shi ba. In mai rami ne, wajibi ne. Kowane akwati mai rami yana da lambar da aka yi shi a kanta, kuma ƙasa da ita iskar ciki ta daina riƙe komai, takarda sai ta yi ta lilo har ta bugi ƙarshenta. Ka sa shi ƙasa da lambar akwatin da kaɗan: akwatin 35 Hz, SUBSONIC wajen 28. Akwatunan da kafintoci ke bugawa da ido, ka gwada su da sautuka daga 50 Hz kana saukowa. Inda takarda ta fi natsuwa alhali iska tana fita da ƙarfi ta ramin, nan ce lambarsa.

In na buɗe GAIN da BASS BOOST, ba zan sami bas ɗin da nake nema ba?

Za ka sami ƙara, sannan wari, sannan ka dawo wurinmu. GAIN ba maɓallin murya ba ne. Daidaita amfuli yake yi da ƙarfin siginar da rediyo ke aiko masa. Lissafinsa: ninka wat na gaskiya, wanda aka rubuta RMS, da om na sub (ma'aunin turjiyarsa ga wuta), ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da wannan. Wat 400 a om 4 ya ba da 1,600, wato volt 40. Cire wayoyin sub, rediyo a kashi uku cikin huɗu na muryarsa, duk ƙarin bas a sifili, sautin 50 Hz, ka murɗa GAIN har mita ta kai 40. In sub ɗin bai kai wat 400 ba, da nasa wat ɗin za ka yi lissafin. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali, dubu biyu, dubu uku, ba da su ake aiki ba.

BASS BOOST yana ɗaga yanki ɗaya ne, galibi wajen 45 Hz. Ƙarin 6 dB yana neman wuta ninki huɗu a wurin, 12 dB ninki 16. Amfulin ba shi da ita, sai ya yanke kan siginar, bobin ya gasu. Kuma yana lalata rabon da ka sha wahalar yi, domin kowace waƙa sai ta koma bugu iri ɗaya. Bar shi a sifili. Ƙaramin ɗakin mota da kansa yana ƙara wa bas mai zurfi ƙarfi kyauta.

Ƙofofina daga rediyo suke shan wuta, kuma rediyon ba shi da HPF. Da dabara?

Akwai: kondansa (ɗan kayan lantarki mai tare sauti mai kauri) marar + da −, a jera shi a kan wayar + ta kowace lasifika. A om 4, mai mikrofarad 400 yana fara ragewa daga wajen 100 Hz, mai 200 daga wajen 200 Hz. In ba ka sami marar alama ba wurin masu kayan lantarki a Katako ko Wadata, ɗauki biyu masu 470 da ke jure volt 50, ka haɗa ƙafafunsu na − da juna. Sun zama 235, wajen 170 Hz ke nan, daidai da ƙananan lasifikoki. Gangarar 6 dB ce kawai, kariyar ba ta kai ta amfuli ba, amma ta fi babu.

Irin motar yana canza saitin?

Ƙwarai. A Corolla da ire-irenta, kujerar baya tana tare saman bas, zurfinsa ne ke ratsowa, don haka kada ka dogara ga sub ya cike maka abin da ya wuce 80. Lasifikokin da ke kan allon baya kuma iskar sub tana tura su ta ƙasa, abin da filtir ba ya hanawa. Ko a rufe musu ƙasa, ko a cire su. A Hilux, siririn sub yana bayan kujera kusa da kunne, nan 24 dB yake da amfani sosai, wani lokaci har a sauke LPF zuwa 70. A Hiace ta haya, ka saita da tunanin wanda zai zauna a layin ƙarshe daga Yamai har Tawa, kansa a jikin akwatin.

Na saita a tsaye ya yi daɗi, da na hau hanya bas ya ɓace.

Ƙarar taya da inji tana zaune ne a ƙasan sauti, tana rufe bas. A kwalta ta hanyar Doso ma haka ne, balle a hanyar jar ƙasa. Kada ka taɓa filtir saboda wannan. Ƙara matakin sub kaɗan daga rediyo, ka mayar in ka tsaya.

Da me zan fara, da me zan ƙare?

Duk ƙarin bas da na siririn sauti a sifili. GAIN na kowane amfuli. Sannan ƙofofi su kaɗai, sub a kashe: ka sa waƙar da ka sani sosai, a muryar da ka saba tuƙi da ita, ka ɗaga HPF daga 80 har takarda ta daina wahala. Sai ka kunna sub, LPF daidai da HPF, a gwada 0 da 180. Matakin sub shi ne na ƙarshe: ka ƙara har ka fara jin cewa daga baya yake, ka koma baya kaɗan. Inji ya kasance a kunne, kuma a gwada da abu fiye da ɗaya: magana, kalangu, gitar Agadas, da kiɗan zamani mai bas mai zurfi. Waƙar da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta dushe ba ta gwaji ba ce.

In ka gama, ɗauki hoton maɓallan amfulin da waya, ka rubuta lambobin rediyo a takarda ka ajiye tare da takardun mota. Masu wankin mota da yaran gida ba sa ganin maɓalli su ƙyale.